Idan Bindiga Ta Ƙi Tashi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Makunnin Harsashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ya san 'yan bindigar Sarki. Suna tafe a ƙasa cikin ayari, sai su ɗaga bindigogin toka sama su saki wuta, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika wa 'yan kallo hanci. Mai lura zai ga wani lokaci ɗaya daga cikin bindigogin takan yi shiru. An ja kunama, an ji ƙyas, ba abin da ya biyo baya. Wanda ya san aikinsa ba ya sauke ta nan take, ba ya kuma juyo bakinta ya leƙa. Barin ta yake yi tana kallon sama, ya jira. Cikin duk abin da zan faɗa a rubutun nan babu wanda ya kai wannan jiran muhimmanci, domin bindigar da ta ƙi tashi tana nan a ɗure, kuma ba ta sanar da kowa lokacin da za ta tashi.

Wani zai ce wannan ai zancen fada ne da mutanen karkara, ina ruwan mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni? Da ruwansa kuwa. A cikin unguwannin nan akwai maharba, waɗanda da zarar an kawar da amfanin gona suke haɗa kayansu da karnukansu su nufi daji. Daga Darmanawa zuwa Daurawa har Unguwa Uku, unguwanni da dama na tara wa 'yan sintiri kuɗi duk wata, wasunsu kuma da bindiga suke kwana. Ga tsohuwar bindigar gado da ke rataye a ɗakin dattijo, wadda ba wanda ya san ko a ɗure take. Ga 'yan fim na titin Gidan Zoo da ke buƙatar bindiga a shirinsu. Ga kuma yara da 'yan gwangwan da ke tsintar duk abin da ya yi kama da tagulla. Tsadar harsashi ta sa wasu masu bindigar farauta na sayen wanda aka sake cikawa da hannu a ɓoye, a nan kuwa mafi yawan ɓarnar take.

Bari mu fara da sanin abin da ke cikin harsashi. Abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla ko na roba, garin albarushi a cikinsa, dalma a bakinsa, ko dai ƙwaya ɗaya ko ƙanana masu yawa, sai kuma makunni. Idan ka juya gindin harsashi za ka ga wani ɗan zagayen ƙarfe a tsakiya, faɗinsa tsakanin milimita 4 zuwa 6. Shi ne makunnin. A cikinsa akwai ɗan sinadari kaɗan wanda ba ya jure duka. Da an ja kunama, allurar bindiga za ta daki bayansa, sinadarin ya matsu a kan wata 'yar mitsitsiyar maƙera da ke ciki, ya yi tartsatsi, wutar ta bi ta ɗan rami ta kama albarushi. Hayaƙin da albarushi ya haifar ne ke tunkuɗa dalma waje. Matsayin makunni matsayin kan ashana ne: idan ashana ta sha danshi, komai bushewar itace ba a yin girki.

An daɗe kafin a kai ga wannan ɗan ƙarfen. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga masu tsaronsa. Bindigogin wancan zamani da ƙanƙara suke tashi. Dutsen ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan garin albarushi da ke gefe, wutar ta zarce ciki. Irinsu ne fataken Turai, har da mutanen Denmak da ke da sansani a Akra ta ƙasar Gana, suka riƙa shigowa da su ta bakin teku. Raɓa kaɗai ta isa ta hana su aiki. Wani limamin coci a Sikotland mai suna Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa, ya lura cewa tsuntsaye na ganin walƙiyar garin gefe su kauce kafin dalma ta fito. Ya yi ta bincike har a 1807 ya yi rajistar hanyar kunna bindiga da sinadarin da duka ke tayarwa. Daga nan aka samu 'yar hular jan ƙarfe da ake kifawa a gefen bindigar toka. A 1866 wasu hafsoshi biyu, Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka, kowa ya fito da tsarinsa na dasa makunni a gindin kwanso, kuma har gobe tsarin nan biyu duniya ke bi. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya. Na Berdan yawanci ramuka biyu ne, shi ne a mafi yawan harsasan soja masu kwanson ƙarfe.

To, mu zo kan matsalolin. Ta farko ita ce shiru ɗungurungum: an ja, ba ta tashi ba, an jira, har yanzu shiru. Bayan an jira yadda ya kamata an kuma zare harsashin, gindinsa ne zai faɗi mai laifi. Ka kai shi wurin haske ka duba. Idan ka ga lotsawa mai zurfi a daidai tsakiyar makunni, bindiga ta yi aikinta, makunnin ne ya mutu. Idan lotsawar 'yar sama-sama ce, da ƙyar ido ke ganinta, to dukan bai yi ƙarfi ba: ko sifirin ya saki, ko bakin allura ya cinye, ko ƙurar hunturu ta gauraya da mai ta daskare a ramin allurar tana riƙe ta. Idan babu ko alamar taɓawa, mai yiwuwa allurar ta karye. Idan kuma lotsawar ta karkata gefe, bindigar ta fara sassautawa. A harsashin da aka sake cikawa akwai ƙarin dalili guda: mai cikin bai zaunar da makunni har ƙasan gurbinsa ba, sai dukan farko ya ƙare wajen tura shi ciki kawai. Shi ya sa wani harsashin yake tashi a ja na biyu, maharbi ya ɗauka ya yi dabara. Harsashin da ya ƙi tashi sau ɗaya a ware shi. Gyaran bindiga kuma aikin mai izinin gyara ne.

Me ke kashe makunni? Yanayin garinmu ma ya isa. Danshin watan Agusta yana ratsa harsashin da aka ajiye a ƙasan gado ko jikin bangon da ke tsattsafo. Zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a inuwa balle a ɗakin kwano marar silin, yana tsufar da sinadarin. Ga gumi: ɗan sintiri ya cusa harsasai a aljihu ko ɗamara ya kwana da su wata da watanni. Sai mai, wanda mutane da yawa ba su san illarsa ba. Mai bindiga don ƙaunarta sai ya yi mata wanka da man keken ɗinki ko baƙin mai, ya bar harsashi a ciki, man ya silala ya ratsa gefen makunni. Abin tsoron shi ne, danshi da mai ba kullum suke kashe makunni gaba ɗaya ba. Sau da yawa raunana shi suke yi, wannan kuwa ya fi mutuwar muni.

Raunannen makunni shi ke jawo matsala ta biyu, wato jinkirin tashi. Wutar ta kama, amma a hankali take ci. Jinkirin na iya zama ƙiftawar ido, yana iya kai daƙiƙoƙi masu yawa. A cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ne ake asarar ido da yatsu da rai, saboda abin da mutum ke yi idan bindigarsa ta ba shi kunya sananne ne. Ya sauke ta daga kafaɗa cikin fushi. Ya juya ya ce wa abokinsa, "Kai Malam, duba min abin nan," bakin bindiga na bin juyawarsa. Wani ya doka gindinta a ƙasa, bakinta na saitin haɓarsa. Wani ya karya ta nan take don ya zare harsashi, harsashin ya fashe masa a fuska. Mai bindigar toka kuma ya kafa baki ya hura, ko ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Bayan an yi jana'iza sai a ce tsautsayi ne. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ganganci sunansa ganganci.

Ƙa'idar da ake koyarwa a wuraren horon harbi a duniya ba ta da wuya. Idan ka ja ba ta tashi ba, ka bar bakinta a inda ka nufa, ka ɗauke yatsa daga kunama, ka ƙirga daƙiƙa 30 cikakku kafin ka buɗe. Idan bindigar toka ce, kada jiran ya gaza minti ɗaya, biyu ma ya fi, don garinta ya fi saurin shan danshi kuma wuta na iya ɓuya a cikinsa. Lokacin buɗewa kuma fuska da yatsu su kauce daga saitin gindin harsashi. Na san a daji nama zai tsere kafin a gama ƙirgen. Ya tsere.

Matsala ta uku ta fi sauran ɓuya, don bindigar takan yi kamar ta tashi. Sai a ji ƙara 'yar ƙarama, fus, kafaɗa ba ta ji bugu ba, hayaƙi kaɗan ya fito. Abin da ya faru shi ne makunni ya kama, amma albarushi babu shi, ko ya jiƙe, ko ya yi kaɗan. Ƙarfin makunni shi kaɗai ya isa ya tura dalma ta shiga bututun bindiga, amma bai isa ya fitar da ita ba. Sai ta maƙale a tsakiya. A bindigar farauta wani lokaci toshiyar robar da ke raba albarushi da dalma ce ke tsayawa. Mutum bai sani ba ya sa wani harsashin ya harba a kan toshewa. Bututu ya kumbura ko ya tsage, kuma inda yake tsagewa bai da nisa da inda hannun hagu ke riƙe.

Mutanen Kano sun san Bruce Lee, amma ba kowa ya san abin da ya kashe ɗansa Brandon Lee ba. Ranar 31 ga Maris 1993 ana ɗaukar fim ɗin The Crow a garin Wilmington na Amurka. Kafin ranar, ma'aikatan shirin sun buƙaci harsasan nuni waɗanda kyamara za ta gani a cikin bindiga. Maimakon su sayi na kamfani, sai suka ɗauki harsasai na gaske suka zubar da albarushin suka mayar da dalmar, amma makunni na nan da ransa. Aka ja kunama a kan ɗaya, makunnin ya tura dalma cikin bututu ta tsaya, ba wanda ya kula. Da aka zo ɗaukar fitowar da za a harbi Brandon a fim ɗin, aka sa harsashi marar dalma, mai ƙara da hayaƙi kawai. Ƙarfinsa ya fito da dalmar da ta maƙale ta same shi a ciki. Ya rasu yana da shekara 28. Wannan a ƙasar da ake da ƙwararru da kayan aiki ke nan. Ina kira ga masu shirya finafinanmu da su riƙe labarin nan. Bindigar roba ta wadatar, ƙara da walƙiya kuma kwamfuta na iya sa su. Kuma harbi marar dalma ma yana kisa idan an yi shi kusa da jiki, wanda ya kamata masu buga bindigar toka a wajen biki ko tarbar baƙi su sani.

Saboda haka duk lokacin da ƙarar harbi ta bambanta da wadda aka saba ji, a tsaya. A cire harsashi, a tabbatar ba komai a ciki, sannan a duba bututun daga baya ta wajen haske, a ga ya fita tas.

Akwai kuma alamomin da kwanson da aka riga aka harba ke nunawa. Lafiyayyen makunni bayan harbi gefensa na nan a zagaye, da lotsawa ɗaya mai tsabta. Idan ya baje ya shafe har ya cike gurbinsa, ko ya huje, ko baƙin hayaƙi ya zagaye shi, ko ya faɗo da kansa, ko kuma bindiga ta yi taurin buɗewa, to ko dai ƙarfin harsashin ya wuce kima, ko kwanson ya gaji. Makunnin da ya huje wuta yake fesowa baya, wajen idon mai harbi. Haka kuma makunnin da ya ɗago sama da gindin kwanso yana iya tashi lokacin da ake rufe bindiga, ba tare da an taɓa kunama ba. Duk harsashin da ka shafa gindinsa da yatsa ka ji makunni ya yi tudu, kada ya shiga bindiga. Wasu tsofaffin harsasai kuma makunninsu na barin wani gishiri a bututu wanda ke jawo danshi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, bindiga na sheƙi a waje alhali ta ruɓe.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, tana da nata tarkon. Tunda ta baki ake ɗura ta, ido ba ya ganin abin da ke ciki. Sai ta ƙi tashi a cikin hayaniyar farauta, mai ita bai lura ba don bindigogin wasu na ta ƙara, ya sake zuba wani ɗurin a kan na farko. Kada a ɗauka 'yan koyo kaɗai ke wannan. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 a Amurka an tattara bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama. Kusan 24,000 a ɗure aka same su, kimanin rabin waɗannan da ɗuri biyu a ciki, an ma samu guda mai ɗuri 23. Sojoji ne horarru, ruɗewa ta sa su haka. Maganin abin shi ne alama a jikin sandar ɗuri, wadda ke nuna iya inda take nutsewa idan bututu ba komai. Idan ta tsaya kafin alamar, akwai abu a ciki.

Abu biyu kuma ba a yin su ko da wasa. Na farko, zuba gari kai tsaye daga gora ko ƙaho cikin bututun da aka harba yanzu. Ɗan garwashi na iya saura a ciki, wuta ta biyo garin ta tarwatsa gorar a hannu. Na biyu, farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Garin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin garin bindigar toka nesa ba kusa ba, an kuma yi shi ne don ƙarfen da aka gwada a masana'anta. Bututun da maƙeri ya haɗa ba zai ɗauke shi ba. Wanda ya yi haka bam ya ɗora a kafaɗarsa.

A nan dole in taɓo batun maganin bindiga, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Neman tsarin Allah da addu'a abu ne da kowane Musulmi ya yarda da shi, ba shi nake magana a kai ba. Abin da nake nufi shi ne gwaji, inda za a tsayar da mutum a saita shi don a tabbatar da laya ko rubutu ya ci. Kafofin labarai sun sha kawo rahoton waɗanda suka mutu a wajen irin wannan gwajin. Yadda abin ke samun karɓuwa ba ɓoyayye ba ne. An taɓa saita wani, bindiga ta ƙi tashi, labari ya bazu cewa ƙarfe ba ya cin sa. Wanda ya karanto bayanin da ya gabata ya san dalilai nawa ne ke hana bindiga tashi, musamman ta toka da damina. Makunnin da ya sha danshi jiya, na yau a bushe yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, balle a ja masa kunama da sunan gwaji.

Mai karatu na iya cewa ai ya ji a ƙasashen waje mutane na cika harsashinsu a gida. Haka ne. A Amurka doka ta yarda, har sana'a ce da abin sha'awa. Amma a duba abin da suke da shi: makunni na masana'anta da ake sayarwa ɗari-ɗari a jere cikin faranti, kowane da girmansa da nau'insa, ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, da littattafan awo da kamfanoni suka gwada a ɗakin bincike. Duk da haka suna fama da makunnin da ya zauna a karkace, da wanda ya murƙushe, da wanda aka sa a juye, da gurbin da ya buɗe saboda yawan maimaita kwanso. Mai cikawa a ɓoye a ƙasarmu ba shi da ko ɗaya daga cikin kayan nan. Da ido yake awo, abin da ya samu shi yake zubawa, kwanson kuma bai san sau nawa aka harba shi ba. A jaka ɗaya za ka samu wanda ba zai tashi ba, da wanda zai yi jinkiri, da wanda zai fasa bindiga, kuma dukansu kamarsu ɗaya a ido. Arha dai ba ta ado. Hukuncina a kan harsashin cikin hannu gajere ne: kada a saya, kada a karɓa kyauta, kada a gwada.

Doka ma ba ta bar ƙofa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta masu cin harsashi, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa lasisinta na wajen Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda a Kano ofishinsa ke Bompai. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da ke cin sa. Ƙera harsashi ko haɗa shi a wajen wuraren da gwamnati ta amince laifi ne mai ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Aikin na irin masana'antar kayan tsaro ta DICON ne da aka kafa a Kaduna a 1964. A watan Agustan 2023 ma Muƙaddashin Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan bindigogi. Shugabannin kwamitocin unguwa da ke ɗaukar 'yan sintiri su san da wannan, domin idan wani abu ya faru, tambayar farko a caji ofis da kotun Gyaɗi-Gyaɗi ita ce takardar bindiga da inda aka samo harsashi.

Wata illar kuma ba ta ƙara, a hankali take ci. Dalma guba ce. Sinadarin mafi yawan makunnan zamani da dalma a cikinsa, mai narka dalma a tsakar gida kuma iyalinsa yake shayar da ita ta hayaƙi da ƙura. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Yaron da bai mutu ba ma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Iyaye mata, ga naku. Yaro idan ya tsinci harsashi, abu biyu ke zuwa masa a rai: ya dake shi da dutse ko ƙusa, ko ya jefa shi a wuta ya ji ƙara. Duka biyun tayar da makunni suke yi, kwanso ya tarwatse, ɓarɓashin tagulla ya nufi ido. A nuna wa yara siffarsa, a gaya musu wanda ya gani kada ya taɓa, ya kira babba. Masu sayen gwangwan su riƙa tantance kaya kafin a daka ko a narka. Harsashin da ya ƙi tashi ba a jefa shi a bola, don ana cinna wa bola wuta, ba a kuma jefa shi a masai ko kwata. A sanar da mai unguwa a miƙa shi ga 'yan sanda.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada tsoron bincike ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaki ana neman mai cire harsashi na gargajiya. Tun Disambar 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda harbi ya samu ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara maganin. A danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba sassautawa. Kada a zuba toka ko ƙasa ko wani gari, kada a tona neman dalma. Idan ido ne a rufe shi a hankali ba tare da murzawa ba. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai tsabta a sa a leda a tafi da shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na nan kan titin Zariya, ga Asibitin Murtala a cikin gari, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Saura magidantan da suka gaji bindiga. Baƙin albarushi idan ya samu wuri busasshe yana shekaru gommai bai mutu ba, kuma tsofaffin maharba da yawa a ɗure suke rataye bindigarsu. Wadda ke ɗakin marigayi Baba ko Kaka, ku ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya tabbatar da akasin haka. Kada a ba yara su yi hoton Sallah da ita, kada a ja kunamarta don a ga ko tana aiki. Ku kulle ɗakin, ku je wajen mai unguwa a cikin makon nan, ya haɗa ku da 'yan sanda a san yadda za a yi da ita.